KAMA DA WANE BA TA WANE: Yadda Ake Gane Kifin Ado Dangin Karfasa

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya saba shiga manyan ofisoshi da otal-otal da ɗakunan jiran likita a biranen ƙasar nan, tun daga Ikko da Fatakwal har zuwa Abuja da Kano, ba zai rasa ganin akwatin gilashi cike da ruwa ba, ga ƙananan kifaye masu launi iri-iri suna kai da kawowa a ciki. Wannan al'ada ta kiwon kifi don ado ta wuce ofisoshi, ta shiga gidajen jama'a, kuma akwai matasa da dama da suka mai da sayar da kifayen da kayan kiwonsu hanyar neman abinci.

Sai dai akwai wata matsala da ke addabar masu wannan sha'awa, wadda sau da yawa ba sa gane tushenta. Mutum zai je wurin mai sayarwa, ya ga 'yan kifaye masu tsawon ɗan yatsa sun cika akwati guda, wannan shuɗi, wancan rawaya, wancan mai zane-zane, ya zaɓi waɗanda suka burge shi ya biya. In ya tambayi sunansu sai a ce masa ai duk "siklid" ne na Afirka. Bayan wata uku ko huɗu sai al'amari ya canza: ɗaya ya girma ya fi sauran ninki biyu, ya kori kowa zuwa lungu, wani cikinsa ya kumbura ya daina cin abinci, wani kuma a wayi gari an neme shi an rasa, ashe maƙwabcinsa ne ya haɗiye shi cikin dare. Mai akwatin ya yi ta zargin ruwa, ko abinci, ko rashin sa'a, alhali kuwa laifin yana ga rashin sanin ko wane ne ya ajiye a gidansa.

Sunan kifi ya wuce abin ƙawa. Da shi ne ake sanin irin ruwan da kifin ya saba da shi, da abincin da hanjinsa zai iya ɗauka, da iyakar girman da zai yi, da kuma wanda zai yarda ya zauna da shi lafiya. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu hanyoyin da masana ke bi wajen gano kifin da aka saya ba suna.

DANGI NE MAI YAWA

Kalmar "siklid" ta samo asali daga Cichlidae, watau sunan da masana suka ba wani babban dangi na kifaye. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dangi, domin kuwa karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, 'yar gidan ce. Irin da aka riga aka rubuta sunayensu sun haura 1,600, kuma har gobe ana gano sababbi. Mafi yawansu a Afirka suke, sai Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, sannan akwai 'yan kaɗan a tsibirin Madagaska, da kudancin Indiya da Siri Lanka, da kwarin Kogin Urdun.

Girmansu ya sha bamban ƙwarai. A Tafkin Tanganyika akwai wani da ake kira Neolamprologus multifasciatus, wanda ba ya wuce santimita 4 ko 5, kuma a cikin ƙwanson dodon koɗi yake kwana ya yi ƙwai. A wannan tafki ɗin dai akwai Boulengerochromis microlepis, wanda tsawonsa ke kai santimita 80 ko fiye. To, ka ji inda haɗarin yake: a ƙuruciya duk ƙanana ne, duk kuma suna iya zama cikin akwati guda a kanti.

Matakin farko shi ne mutum ya tabbatar cewa kifin nasa ɗan wannan dangi ne. Alamomin guda uku ne masu sauƙin gani. Na ɗaya, ƙofar hanci: yawancin kifaye suna da ƙofa biyu a kowane gefen fuska, amma dangin karfasa ɗaya tak suke da ita a kowane gefe. Na biyu, layin nan da ke bin gefen jikin kifi, wanda da shi yake jin motsin ruwa: a galibin 'yan wannan dangi layin a katse yake, rabi ya bi ta sama daga bayan kai, ɗaya rabin ya faro daga ƙasa kaɗan ya nufi wutsiya. Na uku, fiffiken gadon baya: guda ɗaya ne dogo, gabansa ƙayoyi masu tsini, bayansa kuma laushi. Duk wadda ta taɓa gyaran karfasa a madafa ta san waɗannan ƙayoyi, don ba sa barin hannu lafiya.

TAMBAYA TA FARKO: DAGA WANE RUWA?

In an tabbatar da dangi, sai a nemi asali, domin asali shi ke nuna irin ruwan da za a tanada. Masana suna auna ruwa da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya. Abin da ya gaza haka ruwa ne mai tsami-tsami, abin da ya haura kuwa mai kanwa-kanwa ne.

Tafkin Malawi, wanda ke tsakanin ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya, ya fi kowane tafki a duniya yawan irin kifaye, kuma ana ƙiyasta cewa dangin karfasa kaɗai a cikinsa sun kai iri 700 ko ma fiye. Ruwansa garau ne, mai kanwa-kanwa, ma'auninsa yana wajen 8. Tafkin Tanganyika, wanda zurfinsa ya kai mita 1,470, watau na biyu a duniya bayan Tafkin Baikal na Rasha, yana da iri kimanin 250, ruwansa kuma ya fi na Malawi ma'adinai, ma'auninsa yana kusantar 9. A ɗaya ɓangaren kuma, kifayen da suka fito daga dazuzzukan Kogin Amazon, irin su diskas mai faɗi kamar faifai, sun saba da ruwa mai laushi da ɗan tsami, wanda ganyaye suka rina. Kifayen ƙoramun kurmin Afirka ta Yamma, ciki har da na kudancin Nijeriya, sun fi kusa da wannan rukuni na biyu.

Wanda ya haɗa ɗan Tanganyika da ɗan Amazon cikin akwati guda ya ɗauko aikin da ba zai iya ba, gama duk yadda ya daidaita ruwan sai ya cuci ɗaya.

Yaya ake gane asali da ido? Akwai alamu da suke taimakawa. Kifin da jikinsa dogo ne ɗan dunƙule, mai launi tas kamar an shafa fenti, mai zane a tsaye ko a kwance, wanda ba ya rabuwa da duwatsu yana ta cizon gansakuka a jikinsu, to akwai kyakkyawan zato ɗan Malawi ne daga rukunin da mutanen Tonga na bakin tafkin ke kira "mbuna", watau kifin duwatsu. Haka kuma in aka ga 'yan ɗige-ɗige rawaya masu kama da ƙwai a fiffiken da ke ƙarƙashin ciki kusa da wutsiya, wannan alama ce ta 'yan Afirka, musamman na Malawi da Biktoriya. A wannan fiffike ɗin dai akwai abin ƙirgawa: yawancin 'yan Afirka ƙaya uku gare su a gabansa, in aka ɗebe wasu na Tanganyika, su kuwa da yawa daga cikin 'yan Amurka ta Tsakiya suna da biyar ko fiye.

BAKI SHI KE FAƊIN ABINCI

Bayan asali, sai a dubi baki. Allah cikin ikonsa ya yi wa wannan dangi muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, mai ɗauke da haƙora, wanda shi ke niƙa abinci. Da yake na ciki ya ɗauke nauyin tauna, sai bakin waje ya sami damar rikiɗewa gwargwadon abin da kowane iri yake kamawa. Wannan na daga cikin dalilan da masana suke bayarwa na yawan irinsu.

Alal misali, Labeotropheus na Malawi yana da baki a ƙarƙashi, da hanci mai tsoka da ya rufo a kai, domin ya riƙa kankare gansakuka daga dutse yana kwance a kansa. Geophagus na Amurka ta Kudu, wanda ma'anar sunansa ita ce mai cin ƙasa, yana da doguwar fuska da baki mai kallon ƙasa; yakan ɗebi yashi ya tace abin ci ya zubar da saura. Nimbochromis livingstonii, wanda aka raɗa wa sunan Baturen nan ɗan yawon bincike David Livingstone, yakan kwanta a gefe ɗaya a kan yashi kamar mushe, ƙananan kifaye su matso su ci gawa, shi kuwa ya zabura ya cafke su. Akwai ma Perissodus microlepis na Tanganyika, wanda ɓawon jikin wasu kifaye yake ci, bakinsa kuma a karkace yake, na wasu hagu, na wasu dama.

Amfanin wannan ga mai kiwo a fili yake. Kifi mai faffaɗan baki wanda ya tsage har kusa da ido mafarauci ne, kuma duk abin da zai shige bakinsa abinci ne a wurinsa. Kifi mai ƙaramin baki da jerin haƙora kamar na magagari mai cin gansakuka ne, hanjinsa dogo ne, an halicce shi don ganye. In aka riƙa ɗura wa irin wannan abinci mai yawan nama da kitse, kamar yadda akan yi wa Tropheus na Tanganyika da wasu mbuna cikin rashin sani, sai cikinsa ya kumbura, ya daina cin abinci, ya riƙa fitar da farin kashi kamar zare, kuma sau da yawa mutuwa ce ke biyo baya. Masu kiwo a ƙasashen waje har suna suka ba wannan ciwo, suna ce da shi kumburin Malawi.

LAUNI MAI RUƊI

Abin da ya fi jan idon mai saye shi ne launi, amma a cikin dukkan alamu babu wadda ta kai shi yaudara. Launin kifi yakan canza da shekaru, da jinsi, da fushi ko tsoro, har da matsayinsa a cikin 'yan'uwansa.

Ga Melanochromis auratus na Malawi. Ƙanana da mata rawaya ne masu baƙin zane a kwance. Namiji in ya balaga sai ya juye, jikinsa ya yi duhu, zanen ya koma fari-fari. Wanda bai sani ba zai rantse iri biyu ne. Haka nan wanda 'yan kasuwa ke kira "kenyi": ƙanana da mata shuɗi ne, namiji kuwa rawaya yake komawa, saɓanin abin da aka saba gani a sauran mbuna. Su kuwa Aulonocara, waɗanda ake yi wa laƙabi da ɗawisun ruwa, mazan ne ke da ado. Matan iri daban-daban duk ƙasa-ƙasa ne, har ƙwararre yakan sha wuya kafin ya rarrabe su.

Daɗin daɗawa, wasu masu kiwo don sayarwa sukan ba ƙananan kifaye abinci mai haɗe da sinadarin da ke tada balagar namiji, domin launinsu ya fito da wuri su yi farin jini a kasuwa. In ka ga akwati cike da 'yan mitsi-mitsin ɗawisun ruwa kowanne yana walƙiya kamar babban namiji, to ruwa ba ya tsami banza. Bayan 'yan makonni a gida launin yakan koɗe.

Saboda haka masana ba sa yanke hukunci da launi kaɗai. Ƙirga suke yi: ƙayoyi nawa ne a fiffiken baya, ɓawo nawa ne a jere a kan layin gefe, wace siffa haƙora suke da ita, mai tsini ɗaya, biyu ko uku.

YADDA SUKE RENON 'YA'YA

Hanya ta gaba ita ce a zuba wa kifin ido a ga halinsa, musamman lokacin haihuwa. Dukkan dangin karfasa suna kula da 'ya'yansu, amma ta hanya biyu. Wasu sukan share dutse ko su haƙa rami su zuba ƙwai, uwa da uba su tsaya gadi. Wasu kuma a baki suke ɗaukar ƙwan har su ƙyanƙyashe. Kusan dukkan 'yan Malawi uwa ce ke ɗauka, ta yi kimanin mako uku haɓarta a kumbure, ba ta cin abin kirki. Wanda bai san haka ba sai ya zaci ciwo ne ya kama ta, ya shiga zuba magani a ruwa.

Da wannan hali ne wata masaniya 'yar Ingila, Ethelwynn Trewavas, ta Gidan Tarihin Halittu da ke Landan, ta warware rikicin karfasa a babban littafinta na shekarar 1983. Ta kasa su gida uku: masu zuba ƙwai a ƙasa ta bar su a gidan Tilapia, waɗanda uwa kaɗai ke ɗauka a baki ta sa su a Oreochromis, waɗanda uba ko iyayen biyu ke ɗauka kuwa a Sarotherodon. A shekarar 2013 wasu masana biyu a Jamus, Dunz da Schliewen, suka sake duba gidan Tilapia, suka fitar da da yawa daga cikinsa zuwa Coptodon.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin abin da muke kira karfasa a kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Oreochromis niloticus, wadda aka fi kiwo a tafkunan gona, ana gane ta da siraran zane-zane a tsaye da suka cika wutsiyarta. Coptodon zillii tana da jan ƙirji da ciki, musamman lokacin ƙwai, kuma ganye take ci, saboda haka duk wanda ya saka ta a akwati mai shuke-shuke zai wayi gari ya tarar ta yi masa aski. Sarotherodon melanotheron mai baƙin haɓa ita ce ta ruwan lagun na Ikko mai ɗan gishiri, kuma namiji ne ke ɗaukar ƙwai a baki. In ana son ƙarin tabbaci, sai a ɗaga murfin nan na gefen kai, a dubi jan naman da kifi ke numfashi da shi. A jikin ƙashinsa na farko akwai 'yan tsinke-tsinke kamar haƙoran mataji. Na niloticus sukan kai ashirin ko fiye, na zillii kuwa wajen goma ne.

ƊAN ƘASARMU DA SUNAN GARIN WASU

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sabon shiga ne kaɗai ke kuskuren suna. Akwai wani ƙaramin kifi da ya zagaya duniya, wanda da wuya a shiga kantin kifin ado a Turai ko Amurka a rasa shi. Namijin yakan kai santimita 10, macen ba ta kai haka ba, kuma in ta tashi yin ƙwai cikinta yakan yi ja mai shiga ruwan hoda. A cikin kogo ko fasasshiyar tukunya take zuba ƙwai, ita da mijin su yi ta zagayawa da 'ya'yansu kamar kaza da 'yan tsaki. Duniya ta san shi da suna "kribensis", watau ɗan Kribi, wani gari a bakin teku a kudancin Kamaru.

Gaskiyar magana ita ce kifin nan ɗan Nijeriya ne. A shekarar 1901 George Albert Boulenger, wani masani ɗan Beljiyam da ke aiki a Landan, ya rubuta bayaninsa daga samfurin da Dokta W. J. Ansorge ya kamo a bakin Kogin Ethiope kusa da Sapele, a Jihar Delta ta yanzu. Ya raɗa masa suna pulcher, wanda a harshen Latin ke nufin kyakkyawa. Shekara goma bayan haka, a 1911, Boulenger ɗin dai ya rubuta wani ɗan'uwansa dabam daga Kogin Kribi, ya kira shi kribensis. Da 'yan kasuwa suka shiga jigilar na Nijeriya zuwa Turai sai suka liƙa masa sunan na Kamaru, sunan kuma ya bi shi har yau. Sunansa na gaskiya shi ne Pelvicachromis pulcher. Shi kuwa ainihin ɗan Kribi ya daɗe ana lissafa shi cikin wani iri mai suna taeniatus, sai a shekarar 2014 Anton Lamboj na Jami'ar Biyana da abokan aikinsa suka mayar masa da matsayinsa na iri mai zaman kansa.

Irin wannan ta faru da jan kifin nan mai ɗige-ɗige masu ƙyalli, wanda ake yi wa laƙabi da lu'ulu'u, wanda kuma 'yan'uwansa ke zaune a ruwayenmu har Tafkin Chadi. Shekara da shekaru ana sayar da kowane ja da sunan Hemichromis bimaculatus, sunan da Theodore Gill ya raɗa a 1862. Binciken Paul Loiselle na 1979 ya nuna cewa iri ne da dama, kuma ainihin bimaculatus na yankin Gini da Saliyo da Laberiya ne. A 2022 aka fitar da jajayen gaba ɗaya zuwa sabon gida mai suna Rubricatochromis. A tsohon gidan aka bar Hemichromis fasciatus mai baƙaƙen tabo biyar a gefe, wanda ke wuce santimita 20, mafarauci ne har masu gonar kifi kan saka shi don ya rage musu yawan 'ya'yan karfasa. Wanda ya ɗauke shi yana ƙarami a zaton lu'ulu'u ne ya kai kura garken awaki.

'YAN RUWA BIYU

Akwai kuma kifayen da duk binciken da za a yi ba za a samo musu suna a littafi ba, don kuwa ba su da asali a kowane kogi. Mai jan jiki da baki kamar na aku an ƙirƙiro shi ne a Taiwan cikin shekarun 1980 ta hanyar haɗa iri daban-daban na Amurka ta Tsakiya. Mai ƙaton ƙullutu a goshi, wanda ake sayarwa da tsada, daga Malesiya ya fito cikin shekarun 1990 ta irin wannan hanya. Waɗannan da gangan aka yi su. Amma akwai na tsautsayi: 'yan Malawi suna da kusancin jini ƙwarai, har in aka cakuɗa su a akwati guda namijin wani iri yakan bi macen wani, a haifi 'ya'ya masu zanen wannan da fuskar wancan. Da yawa daga cikin abin da ake tarawa a akwatin "haɗe-haɗe" irin waɗannan ne.

Ko gwajin ƙwayar halitta, wanda Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003 don gane dabbobi ta hanyar karanta wani ɗan yanki na gadonsu, yakan gaza a kan 'yan Malawi da Biktoriya, saboda ba su daɗe da rabuwa da juna ba. Masana ƙasa sun nuna cewa Tafkin Biktoriya ya ƙafe kimanin shekara 15,000 da suka wuce, ke nan ɗaruruwan irin da ke cikinsa duk sababbin yanka ne.

ABIN DA YA KAMATA MAI KIFI YA YI

Shawarar da ta fi kowace ita ce kada a sayi kifin da mai sayarwa bai san sunansa ba. In kuwa an riga an saya, ko kyauta aka samu, to a ware shi a akwati na dabam har mako uku ko huɗu. Wannan zai kare sauran daga cuta, ya kuma ba shi natsuwar da launinsa na gaskiya zai fito. A ɗauki hotonsa daga gefe, daidai lokacin da ya baza fikafikansa, a kuma ɗauki na fuska. A auna tsawonsa, a rubuta inda aka saye shi, da waɗanda aka tarar da shi tare, da ɓangaren akwatin da ya fi zama, da yadda yake cin abinci.

Daga nan sai a gwada da abin da ke rubuce. A intanet akwai FishBase, wadda ke ɗauke da bayanin dubban kifaye da hotunansu kyauta. In ana zaton ɗan gida ne, akwai littafin jagora na kifayen ruwan daɗi na Nijeriya wanda Olaosebikan da Raji suka wallafa a 1998. Akwai kuma Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, wadda ta faro a 1968 a matsayin shirin binciken Tafkin Kainji, ga kuma sassan nazarin kifi a jami'o'inmu. Kada kuma a raina masunta. Tsohon da ya shekara arba'in yana jefa koma ya san wanda ke ɗaukar ƙwai a baki da wanda ke haƙa rami. Matambayi ba ya ɓata.

In duk an yi wannan aka tsaya a sunan gida, ba a kai ga iri ba, babu abin kunya. Su kansu masana sukan rubuta sunan gida su bi shi da haruffan "sp.", ma'ana irin bai tabbata ba. Sanin gida kaɗai ya isa a zaɓi ruwa da abinci da girman akwati. Abin da bai kamata ba shi ne a ƙaga masa suna, a hayayyafa shi, a sayar wa wani da wannan suna.

KADA A KAI SHI KOGI

Saura magana guda, wadda ta fi duk na baya nauyi. In kifi ya fi ƙarfin akwati, wasu sukan ga cewa tausayi ne su kai shi rafi ko madatsar ruwa su sake. Tarihin Tafkin Biktoriya ya isa gargaɗi. Cikin shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin, wannan da muka sani a Kogin Kwara da Tafkin Chadi, wanda ake cin gasa da shi a Argungu. A nan gida yana zaune da maƙwabtan da suka saba da shi tun fil azal. A can kuwa, da ya yawaita cikin shekarun 1980, sai dangin karfasa kimanin iri 200 daga cikin kusan 500 suka ɓace, gurɓacewar ruwa kuma ta ƙara dagula al'amarin. Ita ma Oreochromis niloticus da aka kai ta danne karfasar asali ta tafkin, wadda mutanen wurin ke kira ngege. A Jihar Fulorida ta Amurka kuwa, jan lu'ulu'un Afirka da ya kuɓuce daga hannun masu kiwon ado ya bazu a fadamun Everglades yana cinye ƙananan kifayen wurin.

Ruwayen Nijeriya suna da nasu arziki, wanda har jirgin sama ke ɗauka daga Ikko zuwa kantunan Turai da Asiya. Baƙon kifi guda biyu, mace da namiji, sun isa su kafa zuriya a ƙorama, kuma in sun kafu babu mai iya kwashe su. Wanda kifinsa ya gagare shi sai ya mayar wa mai sayarwa, ko ya ba wani mai babban akwati, ya kuma gaya masa iyakar abin da ya sani game da shi. Allah ya sa mu dace.